Jinin Aro

Tun ina da cikinta nake tsoron hannuwanta. Ina da ƙane da ya rasu muna yara, can garinmu a ƙasar Katsina, kuma abin da na fi tunawa da shi yatsunsa ne, yadda suke kumbura su yi sulɓi kamar an hura su, ya riƙa ɗaga su sama yana kuka don kada ko zanen gado ya taɓa su. A gida amosanin jini ake ce wa ciwon, sai da na girma na ji ana cewa sikila. Lokacin aurenmu ba wanda ya yi zancen gwaji, ni ma ban san ana yi ba. Shi ya sa ranar da na haihu, ungozoma tana cewa mace ce, ni kuwa ina leƙen 'yan yatsun ta ƙasan ido.

Ta ƙasan ido, domin 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban manya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ga shi kuma sunan surukata aka sa mata, kunya ta zama biyu. "Yarinyar nan" nake ce mata.

Da na gama wankan jego maigidana ya ɗauko mu zuwa Suleja. Direba ne a wani ofis a Abuja, haya kuwa a can ba ta talaka ba ce. Ciki da falo ya kama mana a Kurmin Sarki, a gidan da kowa ɗan haya ne kuma kowa Abuja yake wuni. Ana idar da asuba za ka ji ƙofofi suna buɗewa, takalma suna gudu don a riga cunkoson Madalla. Kafin rana ta fito gidan ya zama kwaɗo a kowace ƙofa, sai ni da yarinya da kajin wata maƙwabciya. Mai kurar ruwa ya zo ya tafi. Wata Bagwariya mai tallan doya ta leƙo mu gaisa. Shi ke nan mutanen da nake gani sai bayan isha'i, lokacin da maigida zai shigo a gajiye, wani sa'in yana cin tuwo yana gyangyaɗi. A wannan shirun na saba da duba ta. Ba mai ganina balle in ji kunya. In buɗe tafin hannunta, in ja fatar idonta ƙasa, in matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Farkon daminar da yarinyar ta fara tafiya zazzaɓi ya kama ta. Kafin mu ankara tafin hannun nan ya yi fari fat, ko kuka ba ta iyawa sai numfashi sama-sama. A asibitin da muka kai ta wani ma'aikaci ya huda mata yatsa, ya zuƙi jinin a wani siririn gilashi kamar tsinken tsintsiya, ya toshe gindinsa, ya sa a wani inji mai kama da tukunya ya rufe. Injin ya yi ta juyi yana kuka. Da ya fito da gilashin sai na ga jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai kalar fitsari ya hau sama. Jan ɗan kaɗan ne, ruwan ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ban yi nisa a boko ba, amma wannan bai buƙaci a karanta mini ba. Suka ce zazzaɓin cizon sauro ya shanye mata jini, sai an yi ƙari nan take. Aka ɗauko leda daga firji. Har yau ban san na wane bawan Allah ba ne, ko namiji ko mace, ko yana salla ko yana zuwa coci.

Ranar sallama likita ya ce wa maigida a yi mata gwajin jinotaif, wanda ake gane sikila da shi. Ina bayan labule ina ɗaure kaya. Ko ya faɗi lokacin da ya kamata a yi, ko bai faɗa ba, ni dai ban ji ba.

A satin nan yayar maigidana ta zo dubiya daga Zariya. Yaya muke ce mata duka. Asabar ce kaɗai ranar hutunsa, don haka Asabar ɗin farko ya kwashe mu zuwa wani ɗakin gwaji a saman bene kusa da kasuwa. Yaya ce ta goya yarinyar. Da muka kai ƙofa ƙafata ta tsaya da kanta. Ina zan bi su ciki, a gaban yayar miji, in tsaya a kan 'yar fari ina zare ido?

Yaya ta waiwayo ta yi dariya. "Kun ga 'yar halak, ta san kunya. Zauna a benci, amarya, mu masu ɗiya mu shiga."

Na zauna. Na ji ƙarar yarinyar ta taga lokacin da allura ta shige ta, na yi kamar 'yan acaɓan da ke ƙasa nake kallo.

Da yamma maigida ya koma ya karɓo sakamako, ya shigo yana fara'a tun daga zaure. "AS ce," in ji shi. "Rabi ta ɗauko, rabi lafiyayye. Mai irin wannan ba ta ciwon. Sai ki huta da ja wa yarinya ido."

Ashe ya sha ganina.

Yaya ta rangaɗa guɗa, ta ce, "To uwar tsoro, sai a samo wani abin kuma."

Gaskiya abin da ya biyo baya ya goyi bayansu. Ban taɓa ganin yarinyar nan da lafiya irin ta waɗannan watannin ba. Ta yi kumatu, leɓɓanta suka yi ja, ta riƙa bin kajin maƙwabciya tana faɗuwa tana tashi. Ni kaina na saki jiki. In an yi ruwa na bar ta ta yi tsalle a tsakar gida ba riga, ina kallonta daga bakin ƙofa ina dariya ni kaɗai.

Sannu a hankali kuma ta fara koɗewa, kamar atamfar da ake yawan wankewa. Wanda yake fita da duhu ya dawo da duhu ba zai lura ba. Wajen kaka, ana shigo da sabuwar dawa kasuwa, farin idonta ya soma yin ɗorawa-ɗorawa. Wata safiya na miƙa mata kofin koko ta ƙi karɓa. Ta ɗaga hannuwan sama tana kuka. Bayan hannun ya tashi, yatsun sun yi sulɓi. Na zauna daɓas a ƙasa, domin na san wannan ɗaga hannun.

Na nuna wa maigida da ya dawo. Ya haska da fitilar waya, ya ce ƙila ƙwaro ne ya cije ta.

Na ce, "Hannu biyu, Malam? Har da ƙafa?"

"Ke dai ba kya rabo da waswasi. Inji ne fa ya duba jinin nan, ba boka ba."

Ba faɗa ya yi ba. A gajiye ya faɗa, ya shafa kanta ya kwanta.

Washegari na kira innata. Ita ce ta yi jinyar ƙanena har ta rufe masa ido, ita kaɗai za ta gane da kalma ɗaya. Muka gaisa, ta ba ni labarin gero da auren 'yar maƙwabta. Can ta ce, "Ya mutuniyar?" Na so in faɗa mata, kunya ta hana ni. Na ce, "Tana nan." Ina jin awakinta suna kuka a bayanta har kati ya ƙare.

Da azahar na kira maigida a wajen aiki, abin da ban saba ba. Na ce ina neman izini in mayar da ita ɗakin gwajin nan. Ya ja numfashi, ya ce, "Je ki, in dai hankalinki zai kwanta."

Wannan karon ni na goya ta, ni na tura ƙofar. Matar da ke aikin babba ce, da tabarau da farar riga, Hausarta irin ta Suleja, tana yi tana sirkawa da Turanci. Ta dubi tsohuwar takardar, ta ce, "Maman bebi, ai mun yi mata. Wannan abu ba ya canzawa, yadda aka haife ka haka za ka mutu."

Ban san daga ina bakina ya buɗe ba. Na ba ta labarin ƙanena, da farin tafin hannu, da siririn gilashin da ja ya yi kaɗan a cikinsa, da ledar da aka ɗauko a firji.

Ta ɗaga hannu. "Tsaya. An ƙara mata jini? Yaushe?"

"Satin da aka kawo ta nan."

Ta cire tabarau ta ajiye a tebur. "Oh God. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ba su san ana faɗa ba, Anti."

"Ni ma ban tambaya ba," in ji ta a hankali. "Ke kina ina ranar?"

"Ina waje a benci."

"Kina me?"

"'Yar fari ce."

Ta ɗauki tabarau ta mayar. Sannan ta ce, "Ku da kunyar nan taku. To yau ba benci. Zo ki tsaya nan."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ranar da aka ɗebi jinin farko, jini biyu ne a jikin yarinyar, nata da na wanda ya bayar, injin kuwa abin da aka ba shi yake faɗa. Jinin aro yakan yi kamar wata uku kafin ya ƙare. Tun da an yi ƙarin a farkon damina ga shi har an yi girbi, yanzu nata ne kaɗai ya rage.

Ba wuta, sai da aka tayar da janareta. Ta ɗebi jinin a kwalba, ta wanke shi, ta juya a irin injin nan mai kama da tukunya, ta ɗiga masa wani ruwa har ya tsinke ya yi garau kamar zoɓo. Ta ɗauko wata farar takarda mai laushi a jiƙe, ta ɗiɗɗiga jinin mutane a jere a gefe guda, kamar yara sun yi sahu za su yi tsere. Ta nuna mini na yarinyata da bakin biro. Kusa da shi ta sa wani wanda ta riga ta san AS ne, don a gwada da shi. Ta shimfiɗa takardar a wani akwatin roba mai ruwa a gefe biyu, da waya ja da baƙa, ta rufe ta kunna.

"Wuta za ta ja su," in ji ta. "Lafiyayyen yana da sauri, shi ne A. Na sikila yana jan ƙafa, shi ne S. Kin iya bakace?"

Na ce na iya.

"To shi ne. Tsaki gefe, gari gefe."

Murfin yana nuna ciki, na kafa ido. Da farko ba abin da ya motsa. Can sai ɗige-ɗigen suka fara rarrafe, a hankali kamar inuwar bango. Na wasu ya tafi gaba a dunƙule. Wanda ta sa don gwaji ya rabu biyu, layi ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Na yi ta jiran na yarinyata ya rabu shi ma, ina salati a zuci, ita kuma tana barci a bayana da hannuwanta a sama. Bai rabu ba. Layi ɗaya ne mai kauri, ya tsaya daidai da na bayan nan, gabansa fari.

Matar ta kashe injin. Ta jawo kujera ta zaunar da ni, ta ba ni ruwan leda, sannan ta ce, "SS ce. Daga nan babban asibiti za ki wuce, ba gida ba. Akwai ranar masu sikila, akwai magani, yara suna girma da shi su yi aure. Ba zamanin ƙanenki ba ne."

Maigida ya same mu a can da magariba, da kayan aikinsa a jiki. Na faɗa masa duka da bakina, a gaban nas-nas, ban sunkuyar da kai ba. Ya ɗauki hannun yarinyar a tafinsa kamar ƙwai. Daga baya mu ma muka yi gwajin, ni AS, shi AS.

Yanzu ta shiga makarantar rainon yara. Kullum da ƙwayar maganinta, da gorar ruwa a jaka, da safa in gari ya yi sanyi, ruwan sama kuwa sai dai ta kalla ta taga. Wani watan lafiya, wani watan muna asibiti. Gidan yana nan yadda yake, kwaɗo a kowace ƙofa. Yaya in ta zo takan ce na zama marar kunya, ina zancen 'yar fari kamar 'yar auta. Sai in yi murmushi in ci gaba da zuba maganin. Wanda ya ba da jinin nan kuwa ina sa shi a addu'a. Ya ceci ranta, kuma da jininsa na ga yadda take gudu in ba abin da ke ci mata ƙashi.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan ɗaya ne. In za ku kai yaro gwajin sikila kuma an taɓa ƙara masa jini, ku faɗa tun a bakin ƙofa, ko an tambaye ku ko ba a tambaya ba, ku faɗi lokacin da aka yi. Kuma don Allah ku bar uwar ta shiga, ko da ɗan fari ne.