Safiyar da Alhaji Ya Bi Tumaki

'Yarmu ce ta shirya mana tafiya Mongoliya, shekarar da mahaifinta ya ajiye aiki. Ni dai ko a taswira ban san inda ƙasar take ba. Na tambaye ta, duk ƙasashen duniya me ya kai ta can? Ta ce in duba wayar Babanta. Na duba kuwa. Tun da ya daina tuƙa babbar mota, ba abin da Alhaji yake kallo sai bidiyon makiyayan ƙasar: mutane bisa dawakai da babura, tumaki sun bazu a fili har iyakar ganin ido.

Ni Bazazzagiya ce, a cikin gari na tashi, saniya sai dai in gan ta a hanyar mayanka. Shi kuwa mutumin Nijar ne, daga dajin arewa da Dakoro, uwarsa Bahausa, ubansa Bafulatani mai jajayen shanu. Yana saurayi fari ya cinye garken gidansu. Ya bar daji ya shiga Maraɗi, daga can ya yi ta gaba har ƙafa ta kawo shi ƙetaren teku, nan birnin Greensboro, inda muka haɗu a wani taron suna a East Greensboro. Bai cika ba da labarin daji ba. In aka matsa masa sai ya ce, da ɗan Faransancinsa a ciki, "Bon, abin da ya wuce ya wuce," ya kawo wata magana.

Kafin tafiyar an yi wasu ƙananan abubuwa. Wata Juma'a ya fita zuwa masallaci, hanyar da ya fi kowa sani, sai ga wayarsa ina shagon da nake gyaran tufafi a Elm Street, wai yana wani gidan mai can wajen garin High Point, an canza tituna. Wata rana kuma na tarar da makullin mota a cikin firji. Muka yi dariya, muka ce zaman gida ne bai karɓe shi ba.

Tafiyar ta rukuni ce, kamfani ne yake haɗa mutane ya ba su mota da jagora. Rabinta ziyarar gidajen ibadar mabiya Buddha, rabi kuma zama da makiyaya. Rabin farkon ya dami Alhaji, har ya je ya tambayi Malamin masallacinmu. Malam ya ce kallo ba bauta ba ne, mu dai riƙe sallarmu, mu kula da abin da za mu ci.

Abokan tafiyarmu tsofaffin Turawa ne, mu kaɗai ne baƙaƙe. Jagorarmu matashiya ce 'yar ƙasar, mai fara'a, Turancinta ya fi nawa. Tun ranar farko ta gane ba ma cin naman, sai ta riƙa sa ana dafa mana shinkafa da ƙwai.

Gidan ibada na farko a cikin babban birnin yake. Na cire takalmi na shiga. Ciki da duhu-duhu, ga ƙamshin turare da na man shanu da suke kunna fitilu da shi, ga sufaye sanye da jan mayafi da rawaya zaune a jere suna karatu da murya ƙasa-ƙasa, jiki yana rausaya. Na tsaya daga gefe, amma ban ga wanda ya dube ni da ido mara kyau ba. Alhaji bai shiga ba. Ya zauna a kan dakali a waje da carbinsa, yana kallon tattabaru. Da na fito ya ce, "Hajiya, wane gari ne nan ma?" Na faɗa masa. Kafin mu shiga mota ya sake tambaya. Na ce gajiyar jirgi ce.

Bayan kwana biyu muka bar kwalta. Aka kai mu wani kango a gindin duwatsu, bakin busasshen kogi, ganuwar ƙasa duk ta zube kamar tsohon birnin da aka yi ƙaura aka bari. Jagorar ta ce a da babban gidan ibada ne da makaranta, sai wata gwamnati ta zo ta rushe shi, aka kashe manyan sufayen, ƙananan aka kora su kiwo. Kakanta yana cikin waɗanda aka kora. Yanzu ɗaki ɗaya aka sake ginawa, wani tsoho yake sharewa. Nan Alhaji ya yarda ya zagaya. Ya dafa wani guntun bango ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya raba mu da ganin bayan gidanmu." Iskar wurin ba ta tsayawa, tana ta kaɗa wasu shuɗɗan ƙyallaye da aka ɗaura a jikin sanda.

Daga nan muka shiga filin. Ban taɓa ganin ƙasa babu itace ko ɗaya ba sai can. Ciyawa gajera, sama kamar an kife ƙwarya, mota tana tafiya kamar ba ta motsi. Ni abin tsoro ya ba ni. Alhaji kuwa ya sauke gilashi, ya fitar da fuskarsa, yana nuna mini inda ruwa yake kwanciya da damina da inda dabbobi suka kwana.

Gidan da aka sauke mu na wani makiyayi ne dattijo da matarsa. Ɗakunansu zagayayyu ne, na sanduna da bargon gashin tumaki, murhun ƙarfe a tsakiya. Matar ta ba mu shayin madara mai gishiri, da wani busasshen cuku mai tauri kamar tsakuwa. Turawan suka ɗanɗana suka ajiye. Alhaji ya cinye nasa, ya miƙa hannu aka ƙara masa.

Da la'asar aka ce za a je hawan raƙuma masu tozo biyu. Alhaji bai je ba, domin ya lura shingen dabbobin ya fi garken girma nesa ba kusa ba, ya sa jagorar ta tambayi maigidan ina sauran. Dattijon ya ɗauki hularsa ya ce mu biyo shi. A bayan wani tudu akwai kwari, cike da ƙasusuwa, wasu har da sauran fata a jiki. Jagorar ta ce hunturun da ya wuce ne. Ƙanƙara ta rufe ciyawa ta daskare, dabbobi suka kasa tonawa, suka riƙa mutuwa, wasu a tsaye. Abin da ya rage masa bai kai rabi ba.

Alhaji ya tsuguna a bakin kwarin. Sai na ji ya fara magana da Hausa, yana fuskantar dattijon kamar tare suka tashi. Ya ce su rana ce ta cinye nasu. Ya faɗi yadda suka yaye tabarmin bukka suka ba shanu, yadda ake taruwa a ɗaga saniya da sanduna don ta kasa tashi da kanta, yadda ubansa ya zauna kusa da ta ƙarshe tun hantsi har ta daina numfashi, ya hana a yanka ta don yana sa ran za ta miƙe. Ya ce daga ranar tsohon bai ƙara kiran sunan kowa a gidan ba har ya rasu. Dattijon yana gyaɗa kai, yana mayar masa da nasa harshen. Jagorar ta dube ni, na girgiza mata kai, ta bar su. Tsawon aurenmu ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma a wurin ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa.

Washegari muka yi sallar asuba tare, na koma na kwanta. Da na farka gari ya waye, gadonsa ba kowa. Takalminsa na tafiya yana nan, rigar sanyinsa tana rataye. Na leƙa bayan ɗakuna, na duba wajen mota, na kira, shiru. Ko da yake bazara ce a wurinsu, sanyin safiyar yana shiga ƙashi. Na ruga na tashi jagorar. Dattijon ya fito, ya dubi shingen da aka riga aka buɗe, ya dubi ƙasa, ya tayar da babur ya ce in hau.

Mun yi tafiya mai nisa kafin mu hango shi. Yana bayan tumakin, da silifas da jallabiya, ya saɓa wata sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kanta, yana wani irin fito da ban taɓa ji a bakinsa ba. Tafiyarsa ma ta canza, ba ta mai ciwon gwiwa ba ce.

Na sauka na ce, "Alhaji, ina za ka haka ba riga?"

Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa. Ya ce, "Sannu baiwar Allah. Ba ki ga Baffana a hanya ba? Ya yi gaba da shanun. Rijiyar nan ta ƙafe, dole mu kai kudu kafin rana ta take."

Na ce, "Ni ce fa, Alhaji."

Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da bin tumakin.

Na zauna a ƙasa. Dattijon ya cire doguwar rigarsa mai kauri ya yafa masa, ya ɗaura masa ɗamara, ya jera da shi suna tafiya kamar kiwon suka fito tare. A hankali ya karkato da garken, ya karkato da Alhaji, har suka dawo inda nake. Sai Alhaji ya tsaya, ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, me kike yi a ƙasa? Wa ya kawo mu nan?" Leɓɓansa sun yi fari saboda sanyi.

A ɗaki matar gidan ta zaunar da shi kusa da murhu, ta dafa masa shayi. Ta ja ni gefe ta yi magana, jagorar tana fassarawa. Ta ce mahaifinta ma haka ya yi a ƙarshen rayuwarsa, ya manta 'ya'yansa amma bai manta dabbobi ba. Ba su taɓa kulle shi ba. Da safe ya bi garke, da yamma garken ya dawo da shi. Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali. Ni kuwa titunanmu nake tunawa, da motocin da ba sa tsayawa.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. An kai mu wani gidan ibadar a kan dutse, sai an hau matakala masu yawa, kowa ya hau, mu muka zauna a mota na riƙe gefen rigarsa. Shi ya koma daidai, yana ta raha da direba, bai tuna komai na safiyar ba. Ban kira 'yarmu ba sai da muka sauka gida.

Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya faɗi sunan ciwon, ya ce magani yana rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi. Aka karɓi lasinsa na tuƙi. Ranar ya yini bai ci abinci ba. 'Yarmu ta yi ta kuka wai ita ta jawo, da ba ta tura shi wata duniya ba da bai rikice ba. Likitan ya ce abin ya daɗe yana tahowa, tafiyar dai ta fito da shi fili ne. Ta ji, amma ban ga alamar ta yarda ba.

Muka bar gidanmu muka koma nata a unguwar Sedgefield, na rage kwanakin aiki. Mutanenmu sun yi ƙoƙari. Duk Juma'a akwai wanda zai zo ya ɗauke shi zuwa masallaci ya dawo da shi, 'yan Nijar kuma sukan zo ranar Lahadi su dafa shayi a baranda, ko da ba ya gane yawancinsu. Sau ɗaya ya fice ina wanka. Masu gadin wani filin wasan golf da ke kusa da mu suka tsince shi a tsakiyar ciyawarsu, yana yi musu faɗa wai wa ya bar wannan kiwo yana lalacewa. Tun daga nan aka sa wa ƙofofin gidan ƙararrawa, kuma ni nake riƙe makulli.

Turancinsa ne ya fara tafiya, Faransancin ya bi baya. Yanzu Hausa ce ta rage masa, sai Fulatanci in ransa ya ɓaci, wanda ba mai jinsa a gidan. 'Yarmu kuwa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Turanci ta saba amsawa tun tana ƙarama, mu ma ba mu matsa mata ba. Yanzu in ta yi masa Turanci sai ya dube ni in fassara. Saboda haka ta fara koyo, da girmanta, tana tambayata kalmomi a kicin muna girki.

Jiya da ta dawo daga aiki ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ina wuni? Ka ci abinci? Kana jin sanyi ko in kawo bargo?" Ta faɗe su daidai, ba inda ta yi tuntuɓe. Ya ji daɗi ƙwarai, ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ya sa mata albarka. Da ta tashi ta shiga ciki, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Yarinyar nan tana da hankali. 'Yar gidan wa ce?"

Na ce masa tamu ce. Ya ce, "Allah ya raya." Ita tana bakin ƙofar kicin, ta ji. Ta ɗauko masa bargon, ta lulluɓe masa ƙafafu, ta koma ta ɗora tukunya.