Kawu a Kujerar Baya

Kawuna yana da motocin haya masu zirga-zirga tsakanin Madawa da Buza da Kaita, duk tashar da ya shiga patron ake ce masa, wato maigida. Wata ranar kasuwa na raka shi Buza, ina murna yau zan zauna gaba in sha iska. Sai ya ja ni can kujerar ƙarshe, bisa taya, kusa da wata tsohuwa mai rungume da kaji.

Ba mu yi nisa ba ƙuguna ya fara kuka.

Na ce, "Kawu, motarka ce fa!"

Ya ce, "Shi ya sa, ɗiyata. Shofer mai tuƙi gaba yake zaune, ina zai san abin da na baya ke ciki?"

Tsohuwar ba ta san shi ba. Ta yi ta yi wa mai motar tsiya, wai kujerarsa ta fi dutsen niƙa tauri. Kawu yana taya ta: "Wallahi Inna, mutumin nan bai kyauta ba."

Muna isa ya tura motar garaji aka sake kujerun baya. Ni dai a dawowa na roƙi arziki na shige gaba.