Ɗan da Na Haifa a Shagon Kyamis

Shekarun baya, lokacin da na gama jami'a a Kafin Hausa ina zaune a gida a Dutse ina jiran tafiya bautar ƙasa, wata ƙawata ta turo min sanarwar wani aiki. Wani kamfani ne yake neman 'yan mata da za su riƙa shiga shagunan kyamis kamar masu sayen magani na gaskiya, alhali gwada mai shagon suka je yi. Kwastomar bogi ke nan, in ji ƙawata. Ni da nake wuni ina rubuta waƙoƙin da babu mai karantawa sai ni, nan take na hango kaina wata gawurtacciyar mai leƙen asiri a cikin hijabi. A ranar na cike takarda.

Horon wuni ɗaya aka ba mu. Matar da ke shugabantar mu ta ce abin da za mu faɗa bai wuce wannan ba: "Ɗana ne ɗan wata tara yake gudawa tun jiya. Me zan ba shi?" Daga nan sai mu zuba ido. Mai shago zai yi tambaya? Zai ba da haɗin gishiri da sukari na 'yar leda, ko kuwa zai loda mana magunguna masu ƙarfi da jariri ba ya buƙata? Mu saya, mu fita, mu sami inuwa mu cike amsoshi a waya. Muka sa hannu cewa ba za mu faɗa wa kowa ba sai an kammala. Ta kuma ja kunnenmu a kan abu biyu: kada mu ƙara wa labarin gishiri, kada mu je inda aka san mu.

A gida na ce wa mahaifiyata bincike ne a kan shagunan magani. Kunya ba ta bar ni na ambaci maganar ɗa ba. A lokacin kuwa akwai wanda yake neman aurena, manya sun shiga maganar, har an kawo kayan na-gani-ina-so.

A shagunan farko kamar hadda nake biyawa. Zuwa na biyar na ware. Kun san halin mai rubutu, ba ya iya ganin labari tsirara ya ƙyale shi. A cikin adaidaita na ƙera wa yaron nan kumatu, na ba shi haƙora biyu na ƙasa, na sa shi yana dariya in ya ji kukan akuya. Har suna na raɗa masa. Wallahi akwai ranar da na fito daga shago zuciyata a jagule saboda tausayin yaron da babu shi.

A Kiyawa aka tura ni wurin wani dattijo mai furfura. Shagonsa ƙarami ne, akwai benci a gefe, wata mata tana zaune tana jiran allura. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Yana shan nono kuwa?"

"Yana sha, Baba, amma ba kamar da ba. Sai ya kama ya saki, ya zuba min ido kamar ni na ɗora masa."

"Idonsa ya faɗa?"

"Kaɗan. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, yau ko motsin kirki ba ya yi."

Matar da ke kan benci ta ce, "Allah sarki. Haƙori ne, 'yar nan. Ina baban nasa?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce, "Ya yi tafiya."

Ta yi min wani dogon kallo, ta ce Allah ya sawwaƙe. Dattijon ya ba ni abin da ya dace daidai, ya koya min yadda ake haɗawa, ya ce in bai yi sauƙi zuwa gobe ba in kai shi asibiti kada in tsaya. Na fito na ba shi cikakken maki ina jin daɗi. A raina na ce yau na yi aiki.

Kwana huɗu bayan nan na dawo gida da rana na tarar da baƙuwa a kan tabarmar mahaifiyata. Na durƙusa zan gaishe ta, na ɗaga ido, sai ga matar kan benci. Ashe ƙanwar mahaifiyar wanda zan aura ce. Ta taɓa ganin hotona a waya, ni ban taɓa ganin ta ba.

"Yaya mai jikin?" in ji ta.

Na dubi mahaifiyata. Hannunta kawai na gani yana murza bakin zani.

Na zauna na warware musu komai, sa hannun da na yi ya bi ruwa. Na nuna wayar, na nuna ledojin maganin da nake tarawa in mayar wa kamfani. Matar ta saurara har na gama.

"Wato ƙarya ake biyan ki ki yi."

"Inna, gwaji ne. Don a san masu sayar wa jarirai abin da zai cuce su."

"Ni dai da kunnena na ji. Har idonsa kika ce ya faɗa. Wadda ba ta goya ba, ina ta san yadda yaro yake kama nono ya saki? Shekara huɗu kina can makaranta, wa ya san abin da aka yi? In ba rami, me ya kawo maganar rami?"

Ban taɓa tsammanin yabo mafi girma da za a yi wa iya tsara labarina zai zo min a wannan siga ba.

Shugabarmu ta yi min faɗa sosai, sannan ta rubuto takarda mai hatimi tana bayanin aikin, har ta kira mahaifina a waya. Na ɗauka magana ta mutu. Ranar Juma'a bayan la'asar shi wanda zan aura ya zo, muka zauna a zaure. Mutum ne mai sanyin murya, abin da ya fara ja na gare shi ke nan.

"Ni fa na yarda da ke, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ko rantsuwa ba na nema."

"To madalla."

"Sai dai Hajiya, mahaifiyata. Hankalinta ya ƙi kwanciya, maganar ta zaga dangi. Ta ce akwai wata ungozoma da ta yarda da ita. A kai ki ta duba ki, ta tabbatar ba ki taɓa haihuwa ba. Abu ne na ɗan lokaci, a rufe bakin kowa."

Na sunkuyar da kai. Wasu tururuwa ne suke jan ƙwayar gero ta gefen takalminsa, na bi su da ido har suka shige rami.

"Ka ce ka yarda da ni?"

"Wallahi."

"To kai ka je ka faɗa musu. Aikinka ke nan."

"Ba za ki gane ba, uwa ce."

"Na gane. Ni ma 'yar wata ce. Ba zan je ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka shagwaɓa ce. Ni da ko ciniki ba na iya yi a kasuwa don kada ran mai kaya ya ɓaci, bai taɓa jin na ce a'a ba. Na sake faɗa masa a hankali, don ya ji da kyau, na tashi na shiga gida.

Wanda ya fi min wuya shi ne mahaifiyata. Ta yarda da ni, amma ita ce take shiga gidajen suna da na biki, ita take ganin ana yin shiru in ta yi sallama. Ta zaunar da ni tana hawaye.

"Ki je kawai, uwata. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi."

Na ce, "Umma, in dai ba ta huda shi, don me zan kwanta a gwada? Yau in na je, gobe duk wanda ya ga dama sai ya ƙirƙiro wata ya ce in zo in wanke kaina. A haka zan yi zaman gidan?"

Mahaifina yana tsakar gida yana gyaran rediyonsa, ban san yana ji ba. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Abin da ta faɗa ta faɗa. Babu mai duba min 'ya kamar akuyar layya. A haɗa musu kayansu."

Ni da hannuna na haɗa. Na yi kuka ina ninke atamfofin, ba zan ɓoye muku ba, don ina son sa.

Saura shaguna shida a gabana, a Aujara da kewaye. Ƙawata ta ce in ajiye aikin kafin a ƙara min wani ɗan. Na ƙi. Na shiga mota na je, na tsaya a gaban kowane kanta na faɗi abin da aka ce in faɗa, ba ƙari, kuma ban rage murya ba. Biyu daga cikinsu suka ba ni magungunan da ko babba sai ya yi tunani kafin ya haɗiye. Na rubuta su yadda suke.

Ana yawan tambaya ta ko irin wannan aiki yana da tsoka. Gaskiya babu wata mai yawa. Kuɗin sun makara, da na cire na mota abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Duk mai son yi ta yi, amma ta faɗa wa iyayenta komai tun farko, ta kuma riƙe harshenta. Waɗannan kurakuraina ne, na ɗauka, ban ɗora wa kowa ba.

Amma har yau akwai masu ce min taurin kai ya raba ni da miji na gari, da na daure na ɗan lokaci da tuni an wuce wurin. Wataƙila. Wasu a unguwarmu sun ci gaba da yarda cewa akwai wani yaro a wani ƙauye, ban kuma bi su gida-gida ina rantsuwa ba. Na faɗi gaskiya sau ɗaya, a gaban iyayena, da bakina. Wanda hakan bai ishe shi ba, babu abin da jikina zai ƙara masa. Ban je ba, kuma ko yau aka dawo da maganar, ba zan je ba.