Neman Irin Bijimina a Safana

Shanu talatin da ɗaya na gada. Bayan 'yan bindiga sun shigo ƙauyenmu Yasore sau biyu, saura mata huɗu da bijimi guda. Ranar Laraba bijimin ya karye a rami, dole muka yanka shi da asubar Alhamis. Na taɓa ji a rediyo cewa masana na dasa ƙwayoyin haihuwar wata dabba a jikin wata dabam. Sai na hana mahauci taɓa 'ya'yan marainan, na naɗe su a tsumma, na ɗaure bunsuruna a babur.

Batsari, bakwai da kwata. Na sayi ƙanƙara ta ɗari biyar, na zuba a kula, na sa ƙunshin tsumman a ciki. A shingen fita gari ɗan sa-kai ya buɗe, ya leƙa.

"Alhaji, tsire za a yi?"

"Gadon ubana ne, rufe mini."

Safana, tara da rabi. Dakta Lawal, tsohon likitan dabbobi da aka kwatanta mini, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya dubi bunsurun.

"Wannan fa?"

"Shi za a dasa wa, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da tari. "Wancan aiki na ɗakin bincike ne, kuma ko an dasa, akuya ba ta haifar maraƙi. Amma tsumman nan ya taimake ka, sanyi bai kashe irin ba. Zan iya tatsowa in sa wa saniya yau. Ina saniyar?"

Tana gida. Na ɗauko wanda ba a bukata.

Ya ce ba ya bin hanyarmu saboda 'yan bindiga. Na zauna a dakalinsa, na ce nan zan kwana. Ƙarfe sha ɗaya ya fito da jakarsa, na bar masa bunsurun ladan aiki.

Yasore, biyu saura. Cikin huɗun, guda ce kaɗai ke neman barbara. Ya sa mata irin, ya ce kada in sa rai sosai, ya ƙi tsayawa cin tuwo, na kai shi Batsari kafin la'asar don ya hau motar Safana.

Wata tara da kwanaki ta haihu. Na yi asarar bijimi da bunsuru da man babur lita shida. Na samu maraƙi ɗaya, namiji. Na gode wa Allah, na gode wa Dakta.