Wasiƙar da Na Karanta wa Yaya Seidu

Watan nan Yaya Seidu ya cika shekara ashirin da bakwai a ƙasa. Da na yi niyyar in bar ranar ta wuce da addu'a kawai, kamar yadda na saba. Sai na ji a rediyo ana musu kan batun haɗe manyan hukumomin ƙwallon ƙafa na nahiyoyi su zama ɗaya, wani mai sharhi yana ta rantsuwa cewa ƙananan ƙasashe ne za su fi cin riba. Na kashe rediyon. Na taɓa jin irin wannan rantsuwa, kuma daga bakina ta fito.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Seidu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran keke yake yi a Zango, nan Tamale, a shekarun da aka sami 'yancin kai. Bai yi boko ba, amma shi ne shugaban 'yar ƙungiyar da ke shirya mana gasar ƙwallo. Mahauta suna da kulob ɗinsu, 'yan tasha suna da nasu, haka masu gyaran keke. Akwai kuma makiyaya na bayan gari, waɗanda ke zuwa bayan sun kora shanu gida, su buga wasa ƙafa ba takalmi, su lallasa mu, matansu na gefe suna sayar mana da nono. Filinmu yana wajen Kalpohin, lokacin duk daji ne. Yau gidajen ma'aikata ne a wurin, ko ni sai na yi da gaske nake gane inda raga take a da.

Ni kuwa a lokacin sabon malamin makaranta ne, ana kira na Tica, ina tafe da alƙalami biyu a aljihun gaba don kowa ya gani.

Wata rana wasiƙa da Turanci ta zo daga wata babbar ƙungiyar wasanni ta Kudu. Zamani ne da kowa ke maganar zama ɗaya: ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, har Afirka ma ana cewa za ta dunƙule. Yaya ya tara shugabannin kulob a gindin bishiyar da ke gaban shagonsa, ya miƙo mini takardar ya ce in karanta in fassara. Na yi ta tafiya sumul har na iso wata doguwar kalma da ban taɓa gani ba. Idanu sun yi mini caa. Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na dubi abin da ke gabanta da na bayanta, na ce ma'anarta haɗewa, wato mu da su za mu haɗe, a ba mu kujera, gasarmu ta ci gaba.

A cikin taron akwai Mba Ziblim, wani dattijon Dagomba da ya yi shekaru yana masinja a ofishin Turawa. Bai iya karatu ba, amma kunnensa ya sha Turanci. Ya ce in maimaita kalmar. Na maimaita. Ya girgiza kai.

“Tica, wannan magana shi ba haɗe ba ne. Ni na ji shi a ofis. Za su haɗiye ku.”

Na yi dariya, har yau ina jin sautinta a kunnena. Na ce, “Mba, Hausar ce ta ba ka wuya. Haɗewa ake cewa, haɗiyewa ta tuwo ce.” Taro ya fashe da dariya. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya tafi. Yaya ya dube ni ya ce, “Ka tabbata?” Na ce na tabbata. Ya dangwala yatsa, ya miƙa hatimin ƙungiya da kofin gasa.

Kafin damina ta zagayo, mun ga abin da muka sa wa hannu. Ƙungiyarmu ta rushe, haka takardar ta ce tun farko, ba wanda ya yaudare mu. Aka ce ba wasa sai da rajista, ba shiga fili sai da takalmi, ba alƙalin wasa sai mai takardar shaida. Aka tsinci 'yan wasa kaɗan aka yi kulob ɗaya na gari, sauran aka ce su zo kallo. Makiyayan nan sun zo sau biyu aka mayar da su daga bakin fili, ba su sake dawowa ba.

Duk abin ya faɗo kan Yaya. Aka ce ya sayar da ƙungiya. Aka laƙaba masa suna Seidu Haɗiya. Mahauta suka daina kawo masa kekunansu, wasu ko sallamarsa ba sa amsawa. Ya shiga mota har Kudu, ya yi kwanaki yana zaman benci a ƙofar ofis yana roƙon a bar mana ko da gasar unguwa ce, ya dawo a rame, hannu rabbana. Bai daddara ba. Shekara da shekaru yana sa ni in rubuta masa takardun roƙo, ni ɗin dai, yana zaune yana faɗa ina rubutawa. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Ni kuma tun a watan farko na je ɗakin hedimasta na buɗe ƙamus. Na ga kalmar. Mba Ziblim ne da gaskiya. Na rufe littafin na koma aji, na ja bakina na yi shiru. Na ce gobe zan faɗa wa Yaya. Goben nan ita ce har na yi aure, na yi ritaya, na bi gawarsa zuwa maƙabarta.

Bayan sadakar arba'in matarsa Ayishetu ta kira ni ɗaki, ta ciro wasiƙar daga ƙasan akwatinsa.

“Tica, yayanka ya sani fa,” in ji ta. “Tun shekaran nan ya kai ma wani akawu ya karanta mishi. Na ce ya faɗa ma mutane, ya ce a'a. Ya ce in gari ya ji tica bai iya Turanci ba, wa zai ba shi yara? Shi mai keke ne, zagi ba ya hana shi ɗaure taya.”

Na karɓi takardar. Ko bayan haka ban fita na faɗa wa mutane gaskiya ba.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yara a unguwannin Gurugu da Vittin suna yawo a babur da rigunan kulob na Turai, sun san sunan kowane ɗan wasa a can, ba su san an taɓa yin gasa a garinsu da makiyayi ke cin kofi ba. Ba na jin zai yi faɗa da masu son haɗe hukumomi, shi mutum ne mai son a taru. Na san dai abin da zai tambaya: wa ya karanta takardar, kuma in wani tsoho a bayan taro ya ce bai yarda ba, za a saurare shi ko za a yi masa dariya? Ban san amsar da manya za su ba shi ba, kuma ba su ne suka hana ni barci ba.

Abin da ya hana ni barci jikarsa ce. Kwanan baya ta zo gaishe ni a Vittin, ta ce wata tsohuwa a kasuwa ta kira ta jikar Haɗiya, ta tambaye ni ko gaskiya ne kakanta ya ci amanar mutane. Shagon ya tafi, filin ya tafi, kofin ban san inda yake ba. Abin da ya rage na Yaya a bakin mutane shi ne wannan suna, kuma ba nasa ba ne. Waɗanda suka zauna a gindin bishiyar nan duk sun mutu, saura ni. Ƙarfina ya ƙare, idona ya yi rauni, ina tsoron in tafi da maganar a cikina, sunan ya bi 'ya'yanta.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ya kai shi Zango, ya karanta wa tsofaffin da ba sa karatu. Seidu bai sayar da kowa ba. Ya yarda da ƙaninsa ne, ya kuma rufa masa asiri har kabari. Iyalan Mba Ziblim, ku yafe mini, Hausar mahaifinku daidai take. Allah ya jiƙan su duka biyun. Wanda kuma har yanzu yake neman wanda zai kira Haɗiya, ina nan Vittin da raina. Ni na karanta wasiƙar.