Amawalin Alhusaini

Duk wanda ya san kasuwar Dakoro a da ya san Alhusaini mai shayi, tsohon Buzun nan da ke naɗa rawani har gindin ido, wanda yara ke bi suna "Jeran! Jeran!" Jeran da bakin Faransa shi ne mai riƙon kanti. Alhusaini kuwa bai taɓa riƙe kanti ba, saura ƙiris dai ya riƙe.

Ɗan makiyaya ne. Fari ya cinye raƙumansa, ya shigo Dakoro zamanin Nasara ya kama dako a kantin wani kamfanin Faransa, mai atamfa da sukari da shayi da kananzir. Mai riƙon kantin, Mushe Berto, wato Malam Berto da bakin Faransa, wani jan Nasara mai saurin fushi, ya lura Buzun nan yana jin Hausa da Buzanci da Fillanci, kuma ba shi da ɗauke-ɗauke. Ya ce zai koya masa aiki, in ya iya a ba shi makullin reshen da za a buɗe a Korahane.

Korahane kuwa garin Intalla ne, surukin Alhusaini, wanda ya ba shi 'yarsa Zalika tun yana da raƙuma, tun da suka ƙare kuma yake kallonsa a ɗage. Alhusaini ya ɗora ransa a kan makullin nan, don ya koma garin a matsayin mutum.

Koyon aikin duk na bari ne. Bar doguwar gaisuwa, mai saye na jira. Bar awon atamfa da kamu, ga metir. Bar ciniki, "albarka" ba ta shiga kanti. Bar gyara, ko ƙwayar sukari kada ta hau kan kilo. Tsofaffi suka yi ta tsine masa, yana haɗiyewa, mai nema ai ba ya fushi.

Abu ɗaya ya gagara, amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. Ga Buzu baki tsiraici ne. Ko loma zai kai ta ƙarƙashin mayafin yake kai ta, balle a gaban suruki. Kullum Berto na faɗa cikin gurguwar Hausarsa, "Mai kanti akwai fuska. Ɓarawo babu fuska." Alhusaini na ta yi masa gobe-gobe.

Wata ranar kasuwa sai ga Intalla ya shigo sayen shayi da sukari, shi da ƙanensa Hamani. Alhusaini ya ƙara jan amawali sama kamar yadda ladabi ya ce, ya sunkuyar da kai. Berto ya tambayi Alhusaini ko wane ne wannan dattijo. Da ma ya yi masa ƙarya! Amma ya ce surukinsa ne.

Nasaran ya yi murmushi, ya zaro makullin Korahane ya ajiye kan tebur.

"Sauke. Yanzu, gaban shi. Ko ka koma dako."

"Mushe, bari shi hita tukun," in ji Alhusaini. "Don Allah. In ya tahi, har rawanin ni kwance maka."

"Yanzu."

Alhusaini ya dubi makulli. Ya sa yatsa ya ja amawali ƙasa har haɓa, iska ta taɓa leɓensa, ya ji kamar an tuɓe shi tsakiyar kasuwa. Intalla bai zage shi ba, da ma zagin ya yi. Kau da kai kawai ya yi, ya ture sukarin, ya ce, "Hamani, mu tahi. Wanga wuri babu kowa."

Ba a jima ba aka turo raƙumi ya ɗauki Zalika, wai ta je ganin gida. Ganin gidan da ba ta dawo ba ke nan. Alhusaini ya yi baƙin ciki matuƙa, amma ya lallashi kansa da makulli a aljihu, ya ci gaba da aiki baki buɗe.

Ana gab da buɗe reshen sai babban Nasaran kamfanin ya zo daga Maraɗi. Ya ƙare wa Alhusaini kallo, ya ce Korahane garin makiyaya ne, ba za su sayi ko allura wurin Buzun da ya zubar da rawaninsa ba, a nemo mai rawani. Berto ya ɗaga kafaɗa, ya karɓe makulli ya miƙa wa Maraya, Buzun da ke gadin kantin. Sannan ya umarci Alhusaini ya koya wa Maraya metir da kilo kafin ya koma dako. Ya kuwa koya masa.

Daga baya ya bar kantin, ya mai da amawalinsa, ya kafa teburin shayi, a nan ya tsufa. Buzayen Korahane kan zauna wurinsa ranar kasuwa, ba wanda ya taɓa tayar masa da zancen. Sai dai Buzu yakan ja amawalinsa sama in dattijo ya matso. Su kuwa in Alhusaini ya kawo musu shayi, da furfurarsa da komai, sauke nasu suke yi su sha a gabansa, yadda ake sha a gaban jaki.