Jar fitilar da na ce ta mutu

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Lawali makwancinsa a Dakoro. An ce a ambaci mamaci da alheri. Na yi shekara takwas ina yin haka, bana kuwa na gaji.

Duk wanda ya halarci kokowar kaka a garin nan ya san aikinsa ko bai san fuskarsa ba. Shi ne mai reji, wato teburin nan mai maɓallai da ake haɗa wa kamarori, a zaɓi hoton da za a nuna a babban allo, a kuma aika wa gidan tele a Maraɗi. Ni ke riƙe da kamara ta biyu. Rana ɗaya ya koya mini teburin, bai sake maimaitawa ba. Layi biyu ne na maɓallai, kowace kamara da lambarta. Ka danna a layin ƙasa, ya kama kore, kai kaɗai ke ganin hoton a ƙaramin allonka. Ka danna a na sama, ko ka ja sandar nan mai kama da giyar mota, ya kama ja, hoton ya fita. A kan kamarar da aka zaɓa ma wata 'yar jar fitila take kamawa, don mai ɗauka ya sani. Ya ce da ni, "Sale, kore naka ne, ja na duniya ne. Abin da ya hita ba shi dawowa."

Ya iya aikin, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Amma Lawali ya mai da layin kore wurin farauta. A can yake laluben mai gyangyaɗi, da tsohon da haƙorinsa ya zube, da babban mutum yana sosa inda bai kamata ba. Ya ajiye mutum a kore kamar ragon layya, sai fili ya yi shiru ya danna. Jama'a su kwashe da dariya, shi ko murmushi ba ya yi.

Masu ɗaukar kokowa suna da ƙa'idar da ba a rubuta ba. In an yi kaye, a bi wanda ya kayar, a nuna makaɗa, a bar wanda ya faɗi ya karkaɗe ƙasar bayansa ba ido a kansa. A wata kaka wani matashi ya kayar da Arzika, ɗan kokowar garin Bader Gula da ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba. Arzika ya rarrafa bayan buhunan yashin da suka kewaye fili ya zauna. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ta kutso tana share masa baya da gefen zanenta, shi kuwa ƙaton nan yana kuka kamar an yaye shi.

Sai na ji muryar Lawali a kunnena. "Kamara biyu, matso mini shi. Kore kake, ba mai gani." Na matso har hawaye da majina suka cika gilashin kamara. Fili ya ɗauki ihu. Minti guda cur ya bar shi a kan allo, daga Dakoro har Maraɗi.

Arzika bai sake shiga fili ba. Aka laƙaba masa Goyon Inna, har a kasuwa. Ƙarshe ya bar gonarsa ya yi arewa, wajen Azagor, yana kiwon dabbobin wasu. Duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce: fitilar kamarata ta mutu a ranar, ban san an fitar da ni ba.

Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da zamanin nan, da kowa ke yawo da kamara a aljihu, ba layin kore, komai ja ne. Ba na jin zai yi baƙin ciki don an ci mutuncin wani. Haushinsa dai a ce an yi ba gwaninta, an watsa kunyar mutum tun kafin ta nuna.

Ranar jana'izarsa, da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, sai ga Arzika a sahun baya, ya rame, rawani ya rufe masa rabin fuska. Bayan an watse ya riƙe hannuna, ya ce, "Shi na yahe mishi, yatsa guda ya sa. Amma wanda ya tsaya gabana taki biyar shina kallona ta gilashi, shi nike jira ya zo da ƙahwatai."

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Teburin Lawali yana hannuna yau, maɓallin lamba biyu ya goge saboda yatsansa, kuma abin da ya rage nasa ke nan, sai ni. Ban je Azagor ba har yanzu, don in na je sai na faɗi abin da nake rubutawa a nan. Fitilar ba ta mutu ba. Ina ganinta ja wur a gefen idona, na gyara tsayuwa, na ƙara matsowa.